Hawan Magana da Saukarta a Gunduma: Bayani ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan ɗan littafi ne domin hakimai da malaman ofisoshinsu na ƙasar Dutse, watau masu riƙe da gundumomin da ke cikin ƙananan hukumomin Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu da Buji da Gwaram da Jahun da Miga. Babu wata sabuwar doka a cikinsa. Bayani ne a kan yadda magana ke sauka daga fada zuwa ƙofar gidan talaka, da yadda ta ke hawa daga ƙofar gidan talaka zuwa fada, da abin da ya kan tare ta a hanya.

In Mai Martaba ya ba da umarni a fadarsa ta Garu, kafin umarnin ya isa ga wani magidanci a Limawa ko Kudai ko Sakwaya sai ya bi ta bakin hakimi, da na dagaci, da na mai unguwa, wani lokaci har da na sankira. Wannan saukar ba ta da wuya ƙwarai, gama umarni yana da nauyin kansa, ya kan gangaro kamar dutsen da aka turo daga kan tudu. Ko an rage masa wani abu a hanya, galibi ya kan isa. Hawan shi ne aiki. Labarin da ya taso daga ƙasa, musamman in maras daɗi ne, tilas sai wani ya ɗauke shi a ka ya hau da shi, kowane mataki kuwa akwai mutumin da ke auna abin da zai same shi in ya faɗa. Inda aka fi yin hasara ke nan, kuma yawancinta ba daga ƙeta ta ke zuwa ba, daga tsoro ne.

Wannan damuwa daɗaɗɗiya ce. A zamanin da, yawancin hakiman Kano suna zaune ne cikin birni kusa da Sarki, ƙasashensu kuwa sai ta hannun jakadu su ke jin labarinsu, jakada ya karɓo haraji ya zo da abin da ya ga damar faɗi. A wajen shekarar 1908, zamanin Sarkin Kano Abbas, aka tsara ƙasar gunduma gunduma, aka ce kowane hakimi ya fita ya zauna cikin mutanensa. Sarakunan Dutse su da ma a garinsu su ke zaune, kamar na Gaya da Rano da Ƙaraye da Birnin Kudu. Amma zama cikin mutane dabam, jin maganarsu dabam. Ana iya samun hakimin da gidansa ke tsakiyar gari, alhali kuwa wanda ke tafiyar kwana uku ya fi shi sanin abin da garin ke ciki.

Akwai kuma dalilin da ya sa zancen ya fi nauyi yau bisa ga da. Hakimin zamanin En'e yana da abin tilastawa a hannunsa. Daga baya aka yi ta zare waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnati ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, aikin zartarwa ya koma ga majalisunsu. A 1979 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, Dutse kuwa a lokacin tana cikinta, don ba a yanke Jigawa ba sai ran 27 ga Agusta 1991. Abin da ya rage wa hakimi shi ne kunnensa, da harshensa, da mutuncin da jama'a ke gani a gare shi. Da su ya ke sulhunta manomi da makiyayi a kan burtali, da su ya ke shaida wa hukuma wane ne ɗan gari wane ne baƙo, da su ya ke fito da mutane in an zo rigakafi ko ƙidaya.

FUSKAR HAKIMI

A ɗauka misali mai unguwa a Limawa ya lura yara uku a layi guda sun kwanta da amai da gudawa cikin kwana biyu. Ya san ya kamata ya kai labari. Amma ya tuna ran da wani ɗan'uwansa mai unguwa ya kawo irin wannan labari, aka daka masa tsawa gaban mutane, aka ce sakacinsa ne ya bar rijiya a buɗe. Sai ya ce a ransa bari a ga gobe. Da ya je gaisuwa aka tambaye shi labarin unguwa, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe." Bai yi nufin cutar kowa ba. Kwana huɗu bayan haka, sa'ad da labarin ya isa da ƙafarsa, yaran sun zama goma, ma'aikatan lafiya kuma sun makara. In an bi sawun abin, tsawar nan ta watannin baya ita ce ta toshe hanyar.

Saboda haka hakimi ya kamata ya riƙa tambayar kansa, yaushe rabon da wani na ƙasa da shi ya kawo masa labarin da bai so ji ba? In ya duba ya ga an daɗe, to, kada ya ɗauka gundumarsa ce ta zama aljanna. Mai yiwuwa ne mutanensa sun karanta fuskarsa sun ƙare, sun san abin da ke sa ta murtuke, sun daina kawo shi. Talaka gwani ne wajen karatun fuskar shugaba, don tun yana yaro ya ke koyonsa. Shugaba ne ya kan kasance baya wajen karatun fuskar talaka, da ya ke ba a taɓa tilasta masa ya koya ba.

Malaman da suka rubuta wa sarakunan ƙasar nan nasiha sun lura da wannan tun tuni. Shehu Magili, wanda ya sauka Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya rubuta masa littafi kan wajiban sarakuna, kuma abin da ya fi nanatawa a ciki shi ne haɗarin da ke tattare da sarki ya kange kansa daga talakawansa. Kangewa kuwa ba lalle sai da katanga da dogarai ba. Ɗaure fuska ma shamaki ne, ya ma fi katanga tsawo, gama mai ƙara ya kan iya jira a ƙofa har a buɗe, amma ba ya iya jiran fuska.

A zamanin kusa ma an yi wannan magana a sarari. Cikin watan Agusta na 1950, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wakili daga Bauci, ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa a Kaduna ya kawo shawarar a binciki tsarin mulkin En'e a gyara shi. Cikin abubuwan da ya koka a kai akwai cewa ana mulkin talakawa ba tare da an nemi ra'ayinsu ba. Maganar ba ta yi wa manya da yawa daɗi ba a lokacin, amma aka saurare ta. Aka sa Turawa biyu, Maddocks da Pott, suka zaga suka rubuta rahoto. A 1952 aka kawar da tsarin da sarki shi kaɗai ne En'e, aka ce sai tare da majalisarsa, a 1954 kuma aka yi sabuwar dokar En'e, majalisun gunduma da na ƙauye suka samu gindin zama. Wanda ya faɗi maganar nan mai ɗaci shi ne ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957. Da an rufe masa baki a ran nan, da gyaran ya zo daga baya ta hanyar da ta fi zafi.

Fushi shi ne babban abin lura. Sanannen abu ne a fiƙihu cewa alƙali ba ya yanke hukunci yana cikin fushi, malamai kuma suka haɗa da matsananciyar yunwa da ƙishirwa da gajiya da duk abin da ke dagula tunani. Hakimin yau ba alƙali ba ne, amma rabin zamansa na zaure sulhu ne, hikimar kuwa ɗaya ce. Wanda ya dawo daga taro a sakatariya da azahar cikin zafin bazara, bai ci kome ba, ya tarad da mutum biyu suna jayayya kan iyakar gona, ba laifi ba ne in ya ce su dawo bayan la'asar. Abin da ya ke laifi shi ne ya zauna ya sauke musu gajiyar da ba su ne suka ɗora masa ba. Sanin halin da zuciya ke ciki kafin a buɗe baki wani sashe ne na aikin, kamar yadda duba takarda kafin sa hannu ya ke sashe na aikin.

In dagaci ya yi kuskure, a kira shi shi kaɗai a yi masa faɗa, faɗan kuma ya tsaya kan abin da ya aikata, kada a gangara ga asalinsa ko iyayensa. Dagacin da aka kunyata gaban masu unguwanninsa ya koma gida da rabin ƙarfinsa, gobe kuma da wannan rabin ne zai isar da saƙon hakimin. Yabo shi ne abin yi a bainar jama'a. Wanda ya fi cancantarsa kuwa shi ne wanda ya kawo mugun labari da wuri, ko da labarin ya taɓa shi kansa, don sauran na zaune suna kallo, suna koyon abin da ke biyo bayan faɗin gaskiya a wannan zaure.

Sa'an nan akwai karatun abin da ba a faɗa ba. Bahaushe ba ya cika ce wa babba a'a. Yana da "to" iri iri. Akwai ta yarda, wadda ta kan zo da sauri, tambaya na bin bayanta: yaushe za a fara, wa zai kawo kaya? Akwai ta ladabi, wadda a ke ja, ido na ƙasa, babu tambaya ko ɗaya. Mutumin da ya ce, "Sai yadda ka ce, ranka ya daɗe," sau da yawa yana nufin yana da magana amma bai ga wurin ajiye ta ba. Dattijon da ya saba zuwa da kansa, ya koma aiko ɗansa sau biyu a jere, shi ma ya yi magana. Hakimin da ya gama jawabi bai ji tambaya ko guda ba, kada ya tashi da murna. Gara ya zaɓi mutum biyu ko uku ya ce kowa ya maimaita abin da zai je ya gaya wa mutanensa. A nan ne zai ji yadda maganarsa ta koma a kunnen wasu, wani lokaci har ya yi mamaki.

Kada kuma a manta rabin jama'ar gunduma ba su zuwa zaure. Abin da ke damun mata, na haihuwa ne ko na ruwa ko na makarantar 'ya'ya, ba ya hawowa ta bakin mai unguwa sai ya ragu ƙwarai. Ungozoma da malamar Islamiyya da ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi sun san abin da dagaci bai sani ba, neman jin ta bakinsu kuwa ba ya rage wa rawani kome.

ALƘALAMIN MALAMI

Malamin hakimi yana tsakiyar hanyar nan ta hawa da sauka, hannunsa kuma ya fi yadda ya ke zato nauyi. Magana ta baki tana tafe da fuska da murya, in ta yi kaifi murmushi ya kan rage mata. Takarda ba ta da fuska. Abin da aka rubuta shi za a karanta, a sake karantawa, a nuna wa wani, a ajiye shekara goma.

Mutanen ƙasar nan sun ga abin da takarda guda ke iya jawowa. A 1981 dangantaka ta yi tsami tsakanin gwamnatin Jihar Kano da fadar Kano. A shekarar ce gwamnatin ta ɗaga darajar sarakunan Dutse da Gaya da Rano da Auyo, aka kuma yi ta saɓani kan wasu al'amura. Cikin watan Yuli aka aika wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero takardar tuhuma, aka nemi ya ba da amsa. Labarin takardar ya bazu cikin gari, mutane da yawa suka ɗauke ta cin mutunci. Ran 10 ga watan tarzoma ta tashi, aka ƙone gine-ginen gwamnati har da gidan rediyon jihar, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Gwamna shawara kan siyasa. Ba aikin wannan littafi ba ne ya raba gardamar wa ke da gaskiya a rikicin, kuma babu takardar da ta halatta kisa da ƙone-ƙone. Abin da ya shafi malami shi ne, saɓanin ya daɗe ana zaune da shi, bai zama wuta ba sai da aka zuba shi a takarda da lafazin da jama'a suka ji ba su iya haɗiyewa. Ofishin hakimi ƙarami ne, amma takardarsa ga dagaci haka ta ke da nauyi a ƙauye.

Don haka in hakimi ya yi shifta yana cikin fushi, malami nagari ya rubuta yadda aka faɗa, kana ya bar takardar ta kwana. Da safe ya kawo ta ya ce, "Ranka ya daɗe, ga takardar jiya, ko a karanta a ji kafin a sa hannu?" Ya karanta ta da ƙarfi, a hankali. Galibi mai ita da kansa zai ce a cire kaza a sassauta kaza, gama kunnen safe ba irin na maraice ba ne. Wannan ba saɓa wa umarni ba ne. Saɓawa ita ce malami ya sake maganar a ɓoye bisa ra'ayinsa, ko ya danne takardar ya ce ta ɓata.

Gaisuwar da a kan fara takarda da ita, da addu'ar da a kan rufe ta, waɗansu samarin malamai suna ganinsu ɓata tawada ne. Sun yi kuskure. Su ne ke tsaya wa takarda a madadin fuska. Amma bayan gaisuwa sai a tafi kai tsaye ga magana: me a ke so, wa zai yi, a ina, wace rana. Takardar da ta zo daga ma'aikata da Turanci kuwa, kada a juya ta kalma bayan kalma, don abin da zai fito ba Turanci ba ne ba kuma Hausa ba. Malami ya karanta har ya gane, ya kife takardar, ya faɗi abin da ta ƙunsa kamar yana gaya wa kawunsa, sa'an nan ya rubuta wannan, ya koma ya gwada da ta asali don kada adadi ko rana su kuɓuce. Irin Hausar da Abubakar Imam ya riƙa rubutawa a Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939 ke nan, shi ya sa a kan karanta ta a dandali wanda bai yi boko ba ya gane.

Wajen rahoton da ke hawa sama, jarrabawar malami ita ce kada ya yi masa kwalliya. In ruwa ya ci gonaki, kamar yadda ya yi a wurare da yawa na Jigawa a daminar 2022, a rubuta abin da aka ƙidaya. Ragewa don kada a ce gunduma ta lalace zalunci ne ga waɗanda abin ya shafa. Ƙarawa don a samu taimako mai yawa kuwa tana kashe amincin rahoton baɗi. Wayar hannu ba ta sake kome daga wannan ba, sai dai ta ƙara gaggawa. Saƙon murya da aka aika ta WhatsApp cikin fushi ya fi takarda haɗari, don babu malamin da zai bar shi ya kwana, kuma kafin magariba ya zaga wayoyin da ba a nufa da shi ba.

TSORO YANA DA TUSHE

In jama'a suka ƙi abin da hukuma ta kawo, abu mafi sauƙi shi ne a ce jahilci ne. Labarin rigakafin shan inna ya isa ya sa a yi hattara da wannan kalma. A 2003 jita-jita ta bazu a Arewa cewa maganin yana hana haihuwa, har Jihar Kano ta dakatar da aikin, ba a koma ba sai Yuli 2004. A tsakanin nan cutar ta ƙetara zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Jita-jitar ba gaskiya ba ce, amma tsoron ba daga sama ya faɗo ba. Mutane suna tune da 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada wani magani kan yara a Kano, waɗansunsu suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Suna kuma tambaya, don me a ke bin su gida gida da wannan magani kyauta, alhali na zazzaɓi sai sun saya? Tambaya ce ta mai hankali, tsawa kuwa ba ta amsa ta.

Abin da ya juya al'amarin, babban sashensa zama ne da saurare. A 2009, bisa jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, sarakunan Arewa suka kafa kwamitinsu na kula da lafiya a matakin farko. Sarakuna suka riƙa ɗiga wa 'ya'yansu da jikokinsu maganin gaban jama'a. Masu unguwanni suka riƙa raka ma'aikata, gidan da aka ƙi kuma a koma a zauna da mai gidan a ji dalilinsa. Ran 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar mai yaɗuwa da kanta. Magidancin da ya rufe ƙofarsa a 2003 da wanda ya buɗe ta daga baya, sau da yawa mutum ɗaya ne.

Saura abu guda da ofisoshi da yawa ke sakaci da shi, watau mayar da amsa. Mutum ya kawo kuka, an saurare shi da kyau, an ce za a duba, daga nan shiru. A wurinsa wannan shirun daidai ya ke da kora, gobe ba zai sake tahowa ba, maƙwabcinsa ma haka. Ya kamata kowane malami ya ajiye littafi guda mai gida huɗu: ranar da aka kawo magana, wanda ya kawo ta, inda aka tura ta, da ranar da aka mayar masa da amsa. Kowace Jumma'a kafin a tashi, hakimi ya sa a karanta masa waɗanda gidansu na huɗu ke wofi. Wanda aka samu biyan bukatarsa a aika a gaya masa. Wanda ma'aikata ta ce babu kuɗi bana, shi ma a kira shi a gaya masa haka, a gaya masa dalili, a kuma faɗa masa watan da za a sake tayar da maganar.